Yadda na tayar da injin Peugeot 404 bayan shekara 14 yana kwance

Motar mahaifina ce, Peugeot 404 ƙirar 1968, kuma ta yi shekara 14 a ajiye babu wanda ya murɗa mata makulli. Ranar da na yaye tamfol ɗin da ya lulluɓe ta, zuciyata ta raya mini in ɗaura sabon batir in gwada sa'a, amma wani tsohon bakanike ya hana ni. Ya bayyana mini cewa man da ke shafe a bangon silinda ya daɗe da tsiyayewa, kuma idan ringin fistin ya kama da tsatsa, juya injin da ƙarfin batir zai iya karya ringin ko ya karce silindar.

Saboda haka na kwance fulogi huɗun, na zuba mai marar kauri a kowane rami, na bar shi ya jiƙa. Kullum da yamma nakan ɗora babbar sifana a kan notin da ke gaban injin, in riƙa matsawa gaba da baya a hankali, ba tare da na ɗora nauyin jikina ba. Kwana takwas ko gezau bai yi ba, kuma na fara fitar da rai. A rana ta tara ya motsa kamar faɗin yatsa, kashegari kuwa ya zagaya gaba ɗaya, kuma ban taɓa jin daɗin wani aikin hannu kamar yadda na ji a wannan lokacin ba.

Daga nan na zubar da tsohon baƙin mai, na zuba sabo, sannan na juya injin da batir alhali fulogin suna waje, domin man da na zuba a silinda ya fita, kuma sabon ya zagaya ko'ina kafin wuta ta kama. Ban tsaya ba sai da fitilar mai ta mutu.

Fetur ɗin da ke tanki ya koma wani abu mai danƙo da warin fenti, don haka na raba tankin da injin, na jawo tiyo daga ƙaramin galan. Na warware kafireto, na wanke ƙananan ramukansa ɗaya bayan ɗaya, na kuma sauya robar famfon fetur wadda ta bushe ta tsage.

A nan ne na yi kuskuren da ya cinye mini mako guda. Da injin ya ƙi tashi, sai na ɗora laifin a kan kafireto, har na kwance shi sau uku, alhali da na jingina fulogi ɗaya a jikin injin na duba tun farko, da na ga cewa babu tartsatsi ko kaɗan. Bakin kwantak, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa domin fulogi ya yi tartsatsi, shi ne ya yi tsatsa. Na goge shi da lallausar samfefa, na daidaita tazararsa a milimita 0.4, na tabbatar wayoyin fulogi suna bin jerin da silindojin ke kama wuta, wato 1-3-4-2.

Injin ya yi tari sau biyu, a na uku ya kama, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe wurin saboda ragowar man da ke ƙonewa. Bayan minti goma na kashe shi, domin tiyon lagireto na ƙasa ya fara zubar da ruwa. Na sauya shi washegari, amma har yanzu ban fitar da motar kan hanya ba, saboda birkinta yana nutsewa har ƙasa, kuma shi ne aikin da ke gabana.