Mutum 5 muka shirya, yanzu ana maganar 8

Yau 23 ga azumi, kuma da farin ciki na wayi gari, domin kuɗin adashina sun shigo hannu jiya da daddare, ke nan tafiyar da muka daɗe muna yi wa yara alkawari ta kusa tabbata in Allah Ya yarda. Walida da Khalifa da Auta ba su taɓa wuce Kaduna ba, ba su kuma taɓa shiga babban wurin wasa mai injinan lilo ba, sai dai 'yan ƙananan da ake kafa musu a makaranta ranar bikin ƙarshen shekara. Abin da muka tsayar ni da Abbansu shi ne mu yi Idi a gida, mu gaida surukuwata Hajiya, washegari mu kama hanyar Abuja mu kwana wajen Anti a Kubwa, rana ta uku kuma mu kai su Magic Land, wanda mu manya muka fi sani da tsohon sunansa Wonderland, can kusa da ƙofar shiga birnin, daura da babban filin wasanni na ƙasa.

Na san babu lokacin da ya fi wannan cunkoso a duk shekara, kuma ba son raina ne ya zaɓe shi ba. Hutun da gwamnatin tarayya ke bayarwa na Sallah shi kaɗai Abbansu yake da shi, kuma shi ne kowane magidanci a ƙasar nan yake da shi. Mutane kan ce Abuja tana yin fayau da Sallah saboda ma'aikata sun tafi garuruwansu, amma Anti ta ce waɗanda suka rage a garin duk wurare ƙalilan suke nufa, wato wannan wurin wasan, da Millennium Park, da bakin tafkin Jabi, da gidan namun dajin yara na Asokoro. Tituna ne ke samun sarari, wuraren shaƙatawa kuwa ba masaka tsinke.

Sai kuma matsalar da duk mai shirin tafiyar Ƙaramar Sallah ya sani, wato ba wanda zai ce maka ga ranar sai an ji sanarwar Sarkin Musulmi daga Sakkwato, ko azumi ya tsaya a 29 ko ya cika 30. Mun fi son jirgin ƙasa saboda yara, mu bar Zariya da asuba, mu ci kilomita kusan 80 ɗin nan zuwa Kaduna, mu hau a Rigasa, mu sauka a tashar Kubwa ba sai mun kai Idu ba. Tikitin ta intanet ake yanka shi, da lambar katin ɗan ƙasa, ba a kuma buɗe sayarwa tun da nisa sai tafiya ta matso, don haka daren duban wata Abbansu zai kwana da waya a hannu. Tun 2016 jirgin nan yake aiki ban taɓa shigarsa ba. Da layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ya kammala, da a nan Zariya za mu hau, a huta da sammakon Rigasa.

A ɗakin malamai Maman Haidar, wadda ta kai nata bara, ta zaunar da ni ta ba ni karatu. Ta ce kuɗin shiga daban, kuɗin kowane lilo daban, saboda haka in yi wa kowane yaro iyaka tun daga gida, ya san abu nawa zai hau, kada a je ana kuka a gaban jama'a. Ta ce mu isa da hantsi, mu fara da abin da aka fi rububi a kansa, kamar motocin karo da jirgin nan mai hawa da gangarowa, domin daga La'asar, idan an gama yawon gaishe-gaishe, kowa can yake kwararowa, layin abu guda ya cinye maka lokacin da za ka hau uku. Ta ƙara da cewa in ɗauki hoton kowane yaro da safe cikin kayan da ya sa, in rubuta lambar wayata a takarda in cusa masa a aljihu, in kuma nuna musu wuri guda da za a tsaya idan an rabu. Abbansu da na ba shi labari ya ce ko a Disney World na Amurka, wanda aka buɗe tun 1971 kuma ya fi namu girma nesa ba kusa ba, lokacin Kirsimeti mutane kan shafe fiye da awa guda a layin abu ɗaya, har akwai masu biyan ƙarin kuɗi don a rage musu jira. Na ce masa mu ba mu da kuɗin sayen layi, sammako ne jarinmu.

Tela ya ce jibi. Na roƙe shi ya fara da ruwan lemon nan na yaran, domin da gangan na zaɓi launin da zan hango daga nesa.

Da yamma muka shiga cikin gari shan ruwa wajen Hajiya. Mun yi da yara cewa ba za a yi zancen tafiyar ba sai Abbansu ya sanar da kansa, amma kafin a sauke kofin kunu na farko Khalifa ya riga ya gaya wa tagwayen Goggo, yayar Abbansu, cewa shi zai hau doki mai kewayawa a Abuja. Goggo tana ɓare dafaffen ƙwai a gefen tabarma, ta ɗago ta dube ni, ta dubi ƙanenta, sannan ta yi dariya ta ce, "Ikon Allah. Wato za ku bar dawakan Zazzau, ga Hawan Bariki ga Hawan Daushe, ku je wani gari ku biya kuɗi yara su hau dokin roba." Kowa ya yi dariya har da ni, domin maganar ta yi daɗi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Na ce mata, "Yaya, ai hawa sun gani tun suna goye, kuma baɗi ma yana nan in da rai. Wannan ne ba su taɓa gani ba."

Da a nan aka tsaya da lafiya lau zan kwana. Bayan an idar da Magariba, ana cikin cin abinci, sai ta ce, kamar wadda abin ya faɗo mata a lokacin, "To tunda tafiyar ta tabbata, sai ku tafi da Ummi da tagwaye, su ma su buɗe ido." Ba tambaya ta yi ba, kuma a gaban yaran ta faɗa. Tagwaye suka miƙe suna tsalle, Ummi ta sunkuyar da kai tana murmushi, ni kuwa na dubi Abbansu, shi kuma ya dubi kwanon da ke gabansa.

Na tattara natsuwata na ce, "Yaya, wallahi ba don kuɗi ba ne, cunkoson wurin nake tsoro." Ta aje cokali ta ce, "Maman Walida, ai ni ban ce kuɗi ba. Ke kika ambata." Ɗakin ya yi tsit. Hajiya ta ja carbinta ta ce ɗa na kowa ne, Allah Ya kai mu lokacin, Abbansu ya amsa da amin da sauri kamar mai jiran ƙofar fita, aka shiga zancen tsadar shadda.

Wannan jimlar ce ta biyo ni har gida. Kuɗi suna cikin lissafin, ba zan ɓoye ba, tikiti 3 zuwa da dawowa da kuɗin lilo da abinci ba ƙaramin ƙari ba ne a kan adashin malamar makaranta. Amma da kuɗi ne kaɗai, da sai a rage wa kowa abin da zai hau, a yi girki a gidan Anti a tafi da shi a kula, a wuce wurin. Abin da ya tsaya mini a rai hannu ne. Mu biyu ne manya. Yadda na tsara, Auta yana hannuna, Khalifa yana hannun Abbansu, Walida ta isa ta riƙe gefen mayafina ta kuma san lambata da ka. Irin waɗannan wurare sukan hana ƙananan yara hawa wasu injinan saboda tsawo, ke nan akwai lokacin da Abbansu zai shiga layi da manyan, ni in tsaya a waje da Auta. Idan aka ƙara tagwaye, masu shekara 6 da kowa ya san ƙiriniyarsu, wanda ɗaya in ya yi gabas ɗayan yamma yake nufa, ni kaɗai zan tsaya da ƙanana uku cikin dubban mutanen da kowannensu ya sa sabon kaya, ga rana, ga kiɗa, ga masu alewa da balan-balan suna kiran yaro ta kowane gefe.

Goggo za ta ce ai taron Ƙofar Fada ranar hawa ya fi wannan, kuma kowace shekara da yara ake zuwa. Haka ne, sai dai taron Zariya taron gida ne. Idan yaro ya ɓace a Babban Dodo ko Ƙofar Doka, wanda ya tsince shi zai tambaye shi ɗan gidan wane ne, kafin ya gama faɗin sunan kakansa an sami wanda ya san zauren. In ya gagara a kai shi wajen mai unguwa, a yi cigiya a lasifikar masallaci, kafin Isha'i yana gida yana cin tuwo. Na sha ganin yaro a kafaɗar baƙo yana kuka ana ratsa taro da shi ana tambayar na wane ne, ba na kuma shakkar cewa zai kwana a ɗakin uwarsa. A Abuja sunan kakan tagwaye ba zai kai su ko'ina ba. Kuma idan wani abu ya sami ɗan wani a hannunka, Allah Ya kiyaye, ba a tuna cewa cusa maka shi aka yi, abin da za a riƙa faɗa har abada shi ne a hannun wance ya faru.

Duk wannan bayanin yana bakina a lokacin, amma ba a yi wa yayar miji dogon jawabi a gaban surukuwa, balle da yara a zaune suna saurare.

Abin da ya ƙara dagula mini lissafi shi ne Goggo ba mutumiyar da zan yi wa rowa ba ce. Lokacin da nake karatu a Kongo ta nan Zariya, a ɗakinta Walida take yini, ita ta yaye ta, ba ta taɓa karɓar ko sabulu daga hannuna ba. Tun rasuwar maigidanta ita kaɗai take fama da yaran nan da ɗinkin hula da 'yar sana'ar ƙulli, kuma na san idan ba a wannan tafiyar ba, babu wanda zai kai su irin wannan wuri nan kusa. Na kuma san yadda Sallah za ta kasance musu idan su Khalifa suka dawo da hotuna a waya suna ba da labarin motocin karo. Saboda haka ina jin haushin yadda ta ɗaure ni a gaban yara, ina kuma jin kunyar jin haushin, kuma ban ga alamar ɗayan zai kori ɗayan a daren nan ba.

Akwai kuma wani abu da ban faɗa wa kowa ba. Na so a ce sau ɗaya mun fita mu biyar kawai, yaran su ga ubansu yana dariya a cikin motar karo ba tare da yana ƙirga kawuna ba. A gidajenmu wannan buri ne da ba a furtawa, domin da zarar ka furta shi ya zama son kai.

A hanyar dawowa, muna wuce Kwangila yara sun yi barci a baya, Abbansu ya buɗe baki. Ya ce shi ma maganar ta zo masa ba shiri, kuma yana ganin mafita biyu. Ko dai a tafi da Ummi kaɗai, tunda shekararta 14, ita ƙarin hannu ce ba ƙarin kaya ba, a yi wa tagwaye alkawarin Babbar Sallah. Ko kuma a ce Goggo da kanta ta shirya a tafi tare, shi zai ɗauki nauyin tikitinta, kowa ya riƙe nasa. Na ce masa ta farkon za ta bar yara biyu suna kuka bayan an riga an sa musu rai, ta biyun kuma ta mai da mu mutum 9 a gidan Anti mai ɗaki biyu, da kujeru 9 da za a nema a jirgi ɗaya a daren da duk Kaduna ke neman kujera. Ya ce to ni wacce na zaɓa. Na ce yayarsa ce, shi ya kamata ya je ya same ta ita kaɗai, ba a gaban Hajiya ba, ya faɗa mata zancen hannu da cunkoso da bakinsa, domin daga bakinsa dalili ne, daga bakina kuwa rowa ce. Ya yi shiru har muka shigo Samaru, sannan ya ce zai biya gobe bayan ya tashi daga aiki.

Anti ta kira sau biyu muna hanya ban ɗauka ba, na san tambayar mutum nawa za ta shirya wa shimfiɗa za ta yi. Na tura mata saƙo cewa zan kira ta gobe bayan Tarawi. In ta biyun aka tsayar, sai na koma Sabon Gari neman ragowar yadin ruwan lemon nan, in kuma san da wane baki zan roƙi tela ya ƙara ɗinki biyu a goman ƙarshe.