Riƙe gida a Erangel: shawara ga ƙannena

Ƙannena masu buga PUBG Mobile, da yawanku kun fi ni saiti da saurin yatsa, amma da wuya da'irar ƙarshe ta same ku da rai. Ba harbi ne matsalarku ba, tsaro ne. Tun da wasan ya sauka a waya a 2018 tsarinsa a Erangel, ɗaya daga cikin filayen wasan, bai canza ba: mutum 100 a fili ɗaya, tawaga ta mutum huɗu, da'irar da ake tsira a cikinta kuma tana ta matsewa. Wanda ya riga kowa kama wuri mai kyau, dole sauran su zo su same shi. Riƙe wurin shi ne aikin.

Abin da ya fi cinye tawagarmu a farko shi ne cunkuso. Mu samu bene a garin Pochinki da ke Erangel, mu dunƙule a ɗakin sama mu huɗu, kowa ya auna bakin matakala. Wanda ya san wasa ba zai hau ba. Zai zare gurneti, ya ɗan riƙe shi a hannu don kada ku samu sararin gudu, sannan ya cilla ta taga. In ya biyo da kwalbar wuta, an gama da ku ba ku ko ga fuskarsa ba.

Saboda haka ku rabu, amma da lissafi. Mutum ɗaya a kan matakala, ɗaya a tagar da ke kallon inda ake sa ran abokan gaba. Na uku ya koma gidan da ke maƙwabtaka, inda zai riƙa hangen ƙofar gidanku daga gefe, ta yadda duk wanda ya taho zai sha wuta ta fuska biyu, kuma katanga ɗaya ba za ta kare shi daga duka biyun ba. Na huɗu aikinsa baya ne, ko da gaba ta kama da wuta. Wannan aikin kowa ke gudu domin babu kisa a cikinsa, ni kuwa a ganina shi ya kamata a ba wanda ya fi kowa natsuwa. Tazarar da za ku bari ita ce wadda gurneti ɗaya ba zai kwashi mutum biyu ba, amma in an kayar da ɗaya, na kusa zai iya ramawa nan take kafin maharin ya sake ɗura harsashi.

Sai maganar tayar da wanda ya faɗi, inda zumunci ke kashe mutane. Tayarwa tana cin daƙiƙa 10, kuma wanda ya kayar da abokinka sau da yawa da gangan ya ƙi ƙarasa shi, kai yake jira. Wanda ya faɗi ya rarrafa bayan bango, ya faɗi inda harbin ya fito. Mai tayarwa ya fara jefa hayaƙi tsakaninsa da maharin, wani kuma ya ci gaba da tsare kusurwar. Mutum biyu kada su taɓa barin wurinsu don tayar da mutum ɗaya. Akwatin kayan wanda kuka kashe a tsakiyar fili ma ku bar shi sai ƙura ta lafa. Garin neman gira ake rasa ido.

Ku gyara bakinku. "Ga shi can!" ba labari ba ne. Akwai lambobin kusurwa a saman allo: ka ce mutum biyu, 120, bayan dutse, ka yi shiru, domin sauran na sauraren takun ƙafa. Kuma ba duk wanda ya gifta ake harbi ba. Ƙarar bindiga tana bayyana a ƙaramar taswirar na kusa da ku, ta gayyato tawaga ta uku daidai lokacin da maganinku ya ƙare.

Mu da sabis ɗinmu ke yawan nauyi muna da ƙarin dalilin taka-tsantsan. In layi ya yi jinkiri, abin da kake gani ya riga ya wuce, wanda ya leƙo zai gan ka kafin ka gan shi. Kada ka kafe a taga ɗaya. Harba, ka janye, ka ɓullo ta wata.

Tun kuna shiga gida ku yanke ta inda za ku fita, ku ajiye mota a bayan katanga da hancinta a waje. In kuna tsibirin Sosnovka da ke kudancin Erangel, da'ira ta koma arewa, gada biyu ce kawai, kuma ana yawan kwanton ɓauna a kansu. Ku tashi tun shuɗin layin da ke matse fili bai motsa ba, ko ku nemi kwalekwale a bakin ruwa.