Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kasafin Kuɗin Farko da Ya Biyo ta Hannuna

A makon jiya na tsaya ne a ranar da aka rantsar da mu a matsayin 'yan majalisar dokokin jiha cikin watan Yunin 2007, muka zaɓi kakakin majalisa da mataimakinsa. Ba a jima ba aka rarraba kwamitoci, ni kuwa aka saka ni a kwamitin ilimi saboda koyarwar da na yi kafin in shiga siyasa.

Tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa gwamna ya gabatar wa majalisa ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa kowace shekara, kuma ba a fitar da ko sisin kwabo daga asusun jiha sai bisa abin da doka ta amince. Wannan iko ne babba, amma ɗan majalisar da bai iya karanta kundin kasafi ba, ikon nan ba zai tsinana wa mazaɓarsa komai ba. Da aka miƙo mana kundin ma'aikatar ilimi, wani dattijo da ya riga ni shiga majalisar ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, kada ka fara da na bana. Ɗauko na bara, ka tambaye su nawa aka saki." Na bi shawararsa, sai ga gyaran wata makarantar sakandare ta karkara ya fito a kundin bara, ya kuma sake fitowa a na bana da lafazi iri ɗaya.

Na matsa sai da kwamiti ya je ya gani da idonsa. Mun tarar da azuzuwa iska ta yaye musu kwano, ɗalibai sun takure a gefen da rana ba ta kai ba, allon kuma ya tsage har malami na tsallake tsagar idan yana rubutu. Shugaban makarantar ya ce mana, "Ranku ya daɗe, ɗan kwangila ya zo ya auna, tun daga ranar ba mu sake ganin ƙeyarsa ba." Sashe na 128 da na 129 na tsarin mulki sun ba mu ikon bincike da kiran kowa ya amsa tambaya, mun kuma yi amfani da shi, har aka rufa azuzuwan kafin damina.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ko man motar da za ta kai mu wannan ziyara sai ɓangaren zartarwa ya saki kuɗinsa, alhali shi ne aka ɗora mana sa wa ido. Shi ya sa na yi baƙin ciki ƙwarai a 2010, lokacin da gyaran tsarin mulki ya zo da batun ba majalisun jihohi 'yancin riƙe kuɗinsu, amma aka kasa samun jihohi 24 da za su amince. Sai a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa wannan gyara hannu, a lokacin kuwa na riga na bar majalisa.

A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan kawo muku yadda ƙudurina na farko ya kai karatu na biyu, da muhawarar da aka tafka a kansa.