Rubuta rahoton gwajin saurin aikin enzayim

Yawancin rahotannin da ɗalibai ke rubutawa kan saurin aikin enzayim (furotin da ke hanzarta sauyin sinadarai a jikin halittu) a wuri ɗaya suke tuntuɓe: a auna yawan iskar da ta taru a ƙarshen gwaji, a sa mata suna sauri. Yawa daban, sauri daban. Wanda ya riƙe wannan tun kafin ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ya rage wa kansa rabin wahala.

Mu ɗauki gwajin da aka fi yi, na katales, enzayim ɗin da ke cikin hanta da yis da dankalin turawa. Aikinsa farfasa sinadarin haidirojin farokside, inda ƙwayoyinsa biyu ke ba da ƙwayoyin ruwa biyu da ta oksijin ɗaya. Iskar oksijin ɗin ake tarawa a auna.

Gabatarwa kada ta wuce sakin layi biyu. A faɗi mene ne enzayim, a rubuta lissafin farfasawar, sai hasashe mai dalili. "Zafi zai shafi katales" ba hasashe ba ne. A ce saurin zai ƙaru da zafi saboda ƙwayoyin suna yawan karo da juna, har ya kai ƙololuwa, sannan ya faɗi idan zafi ya ɓata siffar gurbin da enzayim ke aiki da shi.

Sashen hanyar gwaji shi ne inda ake gane mai kula. Ma'auninsa ɗaya ne: wanda bai halarta ba zai iya maimaitawa daga rubutunka kaɗai? To a rubuta adadi. Mililita 10 na farokside mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, mililita 5 na ruwan daidaita pH (ma'aunin tsami) a kan 7, mililita 2 na tataccen ruwan dankali, matakan zafi biyar daga digiri 20 zuwa 60 a ma'aunin Salsiyas, ana karanta sirinjin gas, inda iskar ke taruwa, duk daƙiƙa 15 har minti uku, kowane mataki sau uku. A rubuta abin da aka yi, ba umarnin da ke takardar malami ba. Idan an kauce wa takardar, a faɗa.

Akwai ƙananan abubuwa da ake mantawa, su kuwa suke ɓata sakamako. Enzayim da farokside kowanne ya zauna daban cikin ruwan ɗumi kamar minti biyar kafin a haɗa su, in ba haka ba zafin da ka rubuta ba shi ne zafin da aikin ya gudana a kai ba. Farokside yana lalacewa da haske, shi ya sa ake ajiye shi a kwalba mai duhu. Tsoho yana ba da sauri ƙasa da gaskiya. Idan gutsattsarin dankali aka yi amfani da su, girmansu ya zama ɗaya, domin faɗin fuskar da ke taɓa ruwan yana sauya sauri. Sannan kwalbar kwatanci: dafaffen ruwan dankali da farokside. Ita ce shaidar cewa enzayim ne ya fitar da iskar.

A sashen sakamako ba a bayani, ana nunawa ne. Jadawali mai kai, kowane ginshiƙi da ma'auninsa, da matsakaicin gwaji uku. Zane na farko ya nuna yawan iska a tsaye, lokaci a kwance. Layin zai miƙe sama da farko, sannan ya kwanta yayin da farokside ke ƙarewa. Shi ya sa ake ɗaukar saurin farko, lokacin da farokside ke nan da yawa: a ja miƙaƙƙen layi da ya bi farkon zanen, a raba hawansa da tsawon lokacin. A ce mililita 12 cikin daƙiƙa 30, sauri ya zama mililita 0.4 a daƙiƙa. Wanda ya jira minti uku zai iya ganin digiri 30 da 40 sun tara iska kusan ɗaya, ya ce babu bambanci, alhali ɗaya ya riga ɗaya isa can. Zane na biyu ne ke amsa tambayar: saurin farko a tsaye, zafi a kwance, da sandunan da ke nuna tazarar gwaje-gwajen uku.

A tattaunawa a kawo lambobi. Kafin ƙololuwa, saurin enzayim da yawa yakan kusan ninkawa duk ƙarin digiri 10. Naka ya yi haka? Kuma idan digiri 40 ya fi sauran, kada a ce shi ne zafi mafi dacewa, domin ba a gwada 35 ko 45 ba. A ce ƙololuwar tana tsakanin 30 da 50.

Kalmar "kuskuren ɗan Adam" kuwa a bar ta, ba ta faɗin komai. A ambaci kuskuren da inda ya karkatar da sakamako: iskar da ta tsere kafin a toshe kwalba ta rage saurin farko, kuma asarar ta fi yawa inda aikin ya fi sauri. Maganinsa a toshe kwalbar tun farko, a tura enzayim da sirinji ta cikin murfin, sannan a cire mililita 2 ɗin da shigarsa ta tura cikin sirinjin gas.