Aikin Lauya a Filin Jirgin Malam Aminu Kano

Sabon ginin da matafiya zuwa ƙasashen waje suke bi a filin jirgin Malam Aminu Kano da bashi aka yi shi. Yana cikin gine-gine huɗu, tare da na Legas da Abuja da Fatakwal, waɗanda kamfanin gine-gine na ƙasar Sin mai suna CCECC ya gina da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin. Tun daga sharuɗɗan rancen har zuwa hayar shagunan da ke ciki, kowane abu yana da takardar da lauya ya rubuta, kuma ita ake ɗaukowa ranar da aka saɓa.

Tun da aka fara maganar miƙa manyan filayen jiragen sama ga 'yan kasuwa nake ganin hayaniya ta fi karatun yarjejeniya yawa. Alhali darasin yana nan a Legas, inda kamfanin Bi-Courtney ya gina tashar MMA2 ta jiragen cikin gida a filin jirgin Murtala Muhammed, aka buɗe ta a 2007, sannan aka kwashe shekaru ana shari'a tsakaninsa da FAAN, hukumar da ke kula da filayen jiragen saman gwamnatin tarayya, a kan wa'adin yarjejeniyar da ta ba shi damar gudanar da tashar, shin shekara 12 ne ko 36. Abin da ya kamata a warware da jimla ɗaya kafin sa hannu shi ya cinye kuɗi da lokaci.

Karyewar kamfanin jirgi kuwa ta fi wannan sarƙaƙiya, domin sau da yawa jirgin da ke ajiye a fili ba na kamfanin ba ne, na haya ne daga waje. Mai jirgi yana son abinsa, banki yana bin bashi, FAAN tana bin kuɗin sauka da na ajiya, kowa da hujjarsa a gaban Babbar Kotun Tarayya. Yarjejeniyar Cape Town ta 2001, wadda ƙasashe suka ƙulla a tsakaninsu, ta ba mai jirgi damar karɓe kayansa cikin hanzari, kuma idan kotunan ƙasa suna jan ƙafa a kan haka, sai masu ba da haya su tsauwala farashi, daga ƙarshe fasinja ne zai biya. Bashi ne ya sa AMCON, hukumar gwamnati mai karɓo basussukan bankuna da aka kasa biya, ta karɓe ragamar kamfanin jirgin Arik Air a 2017.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne ma'aikata. An rushe Nigeria Airways, kamfanin jirgin sama na gwamnati, fiye da shekara ashirin da suka wuce, amma sai a 2018 gwamnati ta sake sakin wani kaso na haƙƙin tsofaffin ma'aikatansa, bayan wasu sun riga mu gidan gaskiya. Shi ya sa ba na ganin laifin ƙungiyoyin ma'aikatan sufurin jiragen sama irin su NUATE idan suka dage sai an fayyace makomar fansho da kuɗin sallama tun kafin a miƙa filin Kano ga kowa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana iya yanke hukunci, amma idan masu bin bashi sun riga sun raba dukiyar kamfani, babu inda za a samo kuɗin da za a biya.