Ƙafar da ba ta karye ba

Ƙannena na Nima da Mamobi a Accra, ku da kuke kwana kuna tashi da mafarkin zama kamar ɗan ƙwallo Mohammed Kudus, ku matso in ba ku labarin wautar da na tafka ina ɗan shekara 19.

A filin Kawukudi na karye, idon sawun hagu. Wani ɗan baya ne ya shigo min, ba na kuma riƙe shi a zuciya, ƙwallo ce. Aka ɗaura min POP, wato filastar ɗaurin karaya, a asibiti, aka ce sai bayan mako 6. Hajiyata ta shimfiɗa min katifa a falo, duk wanda ya shigo dubiya sai ya ce, "Sannu, ka kwanta, kar ka motsa." Ni kuwa dama abin da nake son ji ke nan. Koko da ƙosai da safe, tuwo da dare, rimot a hannu. Ranar da aka yanke POP na ga ƙafar ta tsotse kamar karan dawa. Wannan na sa rai da shi. Abin da ya ɗaure min kai, ita kanta ta daman, wadda ko ƙwarzane ba ta yi ba, rawa take in na tsaya a kanta.

Fisiyon da aka tura ni wurinta, wato mai koyar da motsa gaɓoɓi bayan rauni, ta dube ni ta ce, "Ƙanina, ta daman me ka yi da ita duk makonnin nan?" Na ce, "Anti, ai ba ita ta karye ba." Ta ce, "Shi ya sa ya kamata ta yi aiki, don ta riƙe wa 'yar'uwarta ƙarfi."

Na zaci zolaya ce. Ashe tun 1894 aka gano abin a jami'ar Yale da ke Amurka: wata mata ta yi kwanaki tana matsa ƙwallon roba da hannu ɗaya, da aka auna sai ga ɗayan ma ya ƙara ƙarfi. Dalili kuwa, ƙarfi ba a tsoka kaɗai yake ba, da yawansa yana ga yadda ƙwaƙwalwa ke aika umarni ta jijiyoyi. Kowane ɓangaren ƙwaƙwalwa yana juya ɗaya gefen jiki ne, amma in ka ɗaga nauyi da gaske da ƙafa ɗaya, ɓangaren da ke kula da ta biyun ma ba ya barci. Binciken da aka tattara ya nuna gaɓar da ba a motsa ba kan ƙaru da wajen kashi 8 zuwa 12 cikin 100. Ga mai lafiya ba wani abin a zo a gani ba ne. Ga wanda ke ɗaure kuwa, wanda ƙarfinsa ke zubewa kullum, riba ce babba. A Kanada a 2009 an ɗaure wa masu lafiya hannu ɗaya tsawon mako 3. Waɗanda suka riƙa horar da ɗaya hannun ƙarfin ɗaurarren bai tafi ba, na waɗanda suka zauna kawai ya ragu.

Kada wani ya je ya ce na ce wannan yana haɗa ƙashi. Ba ya yi. Kuma ban ce ku riƙa tsalle da ƙafa ɗaya a tsakar gida ba, ku zame ku ƙara wata karayar. A zaune ake yi ko a kwance, bayan fisiyo ko likita ya amince. Tsokar da ta dace da wadda aka ɗaure ita za ka nufa: in sharaɓar hagu ce a POP, sharaɓar dama za ka sa aiki. Nauyin ya zama wanda zai gajiyar da kai, kuma wajen saukewa ka bi a hankali, don a nan ne amfanin ya fi yawa.

Bayan shekaru na gurɗe gwiwar dama a wasan Lahadi na tsofaffi. Wannan karon tun makon farko na hau benci, na ɗaura roba mai tauri a ƙafar hagu, ina miƙewa ina saukewa, sau 3 a mako. Da aka ba ni izinin taka ta daman, ta ɗauke ni ba tare da wannan rawar ba. Hajiya dai har yau ba ta gamsu ba. Ranar da ta fara ganina a kan bencin ta tsaya riƙe da buta, ta ce, "Kai, ka manta wadda ta ji ciwon ne?"