Hoton birin da ya kusa rufe mini ajin lesin a Agege

Duk wanda zai koyar da juyin halitta a unguwar Hausawa, ya fara duba bangon ajinsa tukuna. Ina koyar da bayoloji da yamma a Agege ga yaran da za su zana WAEC, a ɗakin da muke haɗa haya da wani malami. Shi ya sayo hoton nan na biri yana rarrafe, yana miƙewa a hankali har ya zama mutum riƙe da mashi, ya manna a bango. Ko darasin ban fara ba wani yaro ya ɗauka da waya, kafin magariba an baza shi a WhatsApp wai malam ya ce kakanmu biri ne. Wani Alhaji mai harkar shanu a abbatuwar Oko-Oba ya janye 'ya'yansa, wasu iyayen suka bi sahu. Hayar watan daga aljihuna na cika ta.

Abin haushin, hoton ma ƙarya yake yi wa ilmin. Masanan fannin, rassa irin na bishiya suke zanawa, ba layi ɗaya ba, kuma babu wanda ya ce birin yau ya rikiɗe ya zama mutum.

Na sami Alhaji a kara yana duba wani sa. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, me ya sa bunaji ba sa daɗewa a kurmi, muturu kuwa suna nan garau?"

Ya ce, "Haba Malam, tsando mana. Sammore ke kayar da namu, su kuwa jininsu ya saba."

Na ce ba sabo ba ne. Waɗanda ba su jure cutar ba sun mutu tun da can, masu jurewa suka rage suka hayayyafa, 'ya'yansu suka gada. Darasin ke nan gaba ɗaya. Darwin kansa, masanin da ya shahara da wannan bayani, da zancen makiyaya da masu kiwon tantabaru ya buɗe littafinsa na 1859, shi ma ya yi kiwon tantabarun. Shekara ɗaya kafin nan Alfred Wallace ya aiko masa da irin wannan tunani daga tsibiran Indunusiya. Maganar sabo kuwa ta fi kusa da ta Lamarck a 1809, mai cewa raƙumin dawa miƙa wuya ya yi ta yi har zuriyarsa ta gaji dogon wuya. Nan yara suke faɗuwa a jarrabawa, su haɗa Darwin da Lamarck su cakuɗa.

Ya maido yaran bisa sharaɗin a cire hoton. Da hannuna na ɓamɓare shi, har fentin bangon ya biyo. Wasu iyayen har yau ba su dawo da nasu ba, abokin hayar tawa kuma ko haƙuri bai ba ni ba.

Yanzu da sikila nake farawa. A 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu jinin AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa gadon ya yawaita a ƙasashen sauro duk da wahalar da masu SS suke sha. Daga nan in kawo kulorokwin, wanda ƙwayar zazzaɓin ta bijire masa har Najeriya ta sauya magani a 2005. Zancen asalin ɗan Adam na bar wa malaman Islamiyya, ni abin da WAEC ke tambaya nake koyarwa.